Yadda Ake Haɗa Na'urar Ɗumama Ruwa da Zafin Rana a Gida

Ruwa ba ya ɗaukar zafi da arha. Kafin ka ɗaga zafin lita 100 daga digiri 20 zuwa digiri 55, sai ka ƙona wutar lantarki kimanin kilowat-awa 4, wato abin da mita ke ƙirgawa yunit 4. Gidan da ke yin haka kullum yana zubar da yunit 120 a wata kan ruwan wanka da wanke-wanke kawai. Ita kuwa rana, idan ta take tsaka kuma sama ta yi garau, tana sauke kusan wat 1,000 a kan kowace murabba'in mita ta ƙasa. A ƙasashe masu yawan rana, abin da ke taruwa a wuni yana kaiwa kilowat-awa 4 zuwa 6 a wannan ɗan fili. Na'urar da aka haɗa a gida takan kama sulusin wannan zafi, mai kyau ta kai rabi. Ka ga ke nan fili mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1 ya isa ya ɗauke wa gida wannan nauyi a ranar da gari ya waye fes.

Kada a haɗa wannan da farantin sola mai ba da lantarki. Shi kusan kashi 20 cikin 100 na hasken yake mayarwa wuta. Wanda za mu haɗa ba ruwansa da batir ko waya, zafin yake kamawa kai tsaye ya miƙa wa ruwa.

Kama zafin rana abu ne mai sauƙi, duk baƙin abin da aka yar a rana zai yi. Inda aikin yake shi ne kai zafin cikin tanki da riƙe shi har lokacin da ake bukata, kuma a nan ne yawancin masu haɗawa suke faɗuwa. Tsohuwar matsala ce. A 1891 Clarence Kemp, wani mutumin Baltimore a Amurka, ya yi rajistar na'urar farko da aka sayar a kasuwa: baƙaƙen tankuna a cikin akwati mai murfin gilashi. Ruwa na yin zafi da la'asar, amma ya huce cikin dare. Sai a 1909 William Bailey a Kalifoniya ya raba aikin gida biyu, mai kama zafi a rana, tankin ajiya kuma a lulluɓe. Wannan fasali ne har yau ake gani a kan rufin gidaje a Ƙubrus da Girka da Turkiyya, kuma shi za mu bi.

Hanyoyi biyu masu sauƙi, ga mai gaggawa

Ta farko, a sami baƙar mesar roba, a naɗe ta zagaye-zagaye a kan faifan katako ko kwano da aka shafa wa baƙin fenti, a haɗa baki ɗaya da famfo, ɗayan ya tafi banɗaki. Mesa mai tsawon mita 100 da faɗin rami milimita 20 tana ɗaukar kusan lita 31. Ta isa wankan mutum ɗaya ko biyu da rana tsaka, amma da faɗuwar rana ta huce. Kuma kada a rufe ta da gilashi, don robar ba ta son zafin da ya wuce digiri 60.

Ta biyu ita ce irin ta Kemp: duro na ƙarfe a shafa masa baƙin fenti, a kwantar da shi cikin akwati mai rufin gilashi. Yana ba da ruwan zafi da yamma. Wanda zai iya tunawa ya rufe gilashin da murfi mai kauri kowane dare zai sami ɗumi-ɗumi da safe. Mutane kaɗan ne ke jure wannan hidima har wata guda.

Idan ruwan zafi da asuba kake so, ta uku, wato irin ta Bailey da za mu bi daga nan, ita ce taka.

Yadda ruwa ke kewayawa ba tare da injin turawa ba

Ruwan zafi ya fi na sanyi rashin nauyi. Lita ɗaya a digiri 20 tana da nauyin giram 998, a digiri 60 kuma giram 983. Idan mai kama zafi yana ƙasa, tanki yana sama, kuma bututu biyu sun haɗa su, ruwan da ya yi zafi zai hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro daga gindin tanki ya maye gurbinsa. Haka zai yi ta zagayawa muddin akwai rana.

Riƙe wannan lissafi da kyau: giram 15 ne kacal a kowace lita ke tura ruwan. Ƙarfi ne ɗan mitsitsi. Kumfar iska guda a cikin bututu, ko lanƙwasa mai yawa, ko bututu siriri, ya isa ya tsayar da komai. Duk ƙa'idojin da za su biyo baya daga nan suka fito.

Mataki na farko: lissafi da zaɓen wuri

Ka ƙiyasta lita 30 zuwa 50 na ruwan zafi ga kowane mutum a rana, gwargwadon ko da bokiti ake wanka ko da shawa. Sannan ka ba kowace lita 50 zuwa 75 ta tanki murabba'in mita ɗaya ta mai kama zafi. Misalin da za mu yi aiki da shi: mai kama zafi, wato akwati mai murfin gilashi, mai mita 2 da mita 1, da tanki mai lita 120 zuwa 150. Idan duro mai lita 200 kake da shi, akwati ɗaya zai ba ka ruwa mai ɗumi ne kawai, sai ka ƙara na biyu.

Wurin da za a ajiye shi ya kasance babu inuwa daga ƙarfe 9 na safe zuwa 3 na yamma. Ka tsaya ka duba da idonka a waɗannan lokuta, kuma ka tuna a lokacin sanyi rana takan yi ƙasa, inuwar bishiya da katanga ta ƙara tsawo. Wanda ke arewa da layin ikwaita ya fuskantar da gilashin kudu, wanda ke kudu da layin ya fuskantar da shi arewa. Karkatar akwatin ta yi daidai da nisan garinku daga layin ikwaita, wanda taswirar waya za ta nuna maka da digiri. Tunda a lokacin sanyi aka fi bukatar ruwan, ƙara digiri 10 zuwa 15 a kai. Ko da a kan layin kake, kada ka kwantar da shi ƙasa da digiri 15, don ruwa ya sami gangaren hawa, ruwan sama kuma ya riƙa wanke ƙura.

Mutane suna son ɗora komai a kan rufi. Ni ba na ba da wannan shawara sai rufin kankare. Kowace lita kilo ɗaya ce, tanki mai lita 150 da ƙarfensa da lulluɓinsa ya doshi kilo 180. Ya fi sauƙi a ajiye akwatin a ƙasa ko kan ɗan dakali, a yi wa tanki hasumiyar ƙarfe ko ta bulo kusa da bangon banɗaki. Gyara ma ya fi sauƙi a nan.

Mataki na biyu: bututun cikin akwati

Siffarsa ta tsani ce a kwance: manyan bututu biyu, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, ƙanana takwas suna haɗa su a tsaye. Ƙananan su zama na jan ƙarfe mai milimita 15, wato rabin inci, kowanne kimanin mita 1.8, tazarar da ke tsakaninsu santimita 12. Manyan kuma milimita 22 ko 28.

Me ya sa jan ƙarfe, alhali roba ta fi araha? Saboda ranar da ruwa ya ƙare a tanki, ko iska ta toshe hanya, zafin cikin akwati mai gilashi yana wuce digiri 100, har ya kusanci 150. Farin bututun PVC na yau da kullum iyakarsa digiri 60, daga nan sai ya saki jiki. Ko masu jure zafi irin su PPR da CPVC ba a yi su don cikin wannan akwati ba, wurinsu waje ne. Idan jan ƙarfe ya gagara, bututun ƙarfe mai rufin zinki zai yi, sai dai nauyi da tsatsa bayan shekaru. Amma kada ka gauraya su biyun a layi ɗaya ba tare da mahaɗin tagulla ko na roba a tsakani ba, don jan ƙarfe yana sa zinkin ya cinye da wuri.

Haɗawar iri biyu ce. Ko ka sayi mahaɗai masu baki uku ka liƙe su, ko ka huda manyan bututun ka cusa ƙananan, mai gyaran firji ya yi maka waldar gas. Ta biyun ta fi ƙarko. Idan liƙi za a yi, a nemi wanda babu dalma a cikinsa. A kula kada ƙananan su kutsa can cikin babban bututu su tare hanya, milimita biyu ko uku sun isa.

Bakuna huɗu za ka samu a kusurwoyi. Toshe biyu. Ruwan sanyi ya shiga ta ƙasa a hagu, na zafi ya fita ta sama a dama, ko akasin haka, amma dole su zama a kusurwoyi masu kallon juna. Ta haka ne kowane bututu zai sami rabonsa. Idan shiga da fita suna gefe ɗaya, na kusa za su kwashe ruwan, na nesa su zauna banza. Bakin ƙasa da ka toshe, sa masa murfi mai zare ko ɗan famfo, zai yi maka amfani ranar wanke ciki.

Kafin ka ci gaba, cika shi da ruwa daga famfo mai ƙarfi, ka toshe, ka bar shi ya kwana. Ɗigon da ka gani yau gyaran minti goma ne. Wanda ya ɓulla bayan an liƙe gilashi kuwa sai an warware aikin mako guda.

Mataki na uku: farantin da ke tattaro zafi

Bututu takwas ba su rufe ko kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin akwatin ba. Ragowar hasken faranti ne zai kama ya tura musu. Faifan alminiyam ko na jan ƙarfe mai kaurin rabin milimita ya wadatar. Kwanon rufi na ƙarfe ma ana amfani da shi, sai dai ƙarfe ba ya tafiyar da zafi ko kashi ɗaya cikin huɗu na yadda alminiyam ke yi, don haka sai an matso da bututun kusa da juna, kamar santimita 8.

A nan ne aikin ke yin kyau ko ya lalace. Bututun da aka ɗora kawai a kan shimfiɗaɗɗen faranti a siririn layi yake taɓa shi, zafi kuma ba ya tsallaka iska da sauƙi. Sai faranti ya yi zafi jau, ruwa na nan da ɗan ɗuminsa. Dole farantin ya rungumi bututun. Ga dabarar: kafa katako biyu a jere da ƙusa, ka bar rata daidai kaurin bututu da ɗan ƙari. Yanka farantin fale-fale, kowane falle faɗin santimita 13 ko 14. Ɗora falle a kan ratar, ka aza sandar ƙarfe mai kaurin bututun, ka bi ta da guduma har kwari ya fito. Sai ka shafa siririn silikon mai jure zafi a cikin kwarin, ka danna bututu ciki, ka ɗaure ta baya da 'yan guntayen faranti da ribit ko ƙananan sukurori duk bayan santimita 15. Silikon ɗin aiki biyu yake yi: yana cike 'yan ramukan iska, yana kuma raba alminiyam da jan ƙarfe, waɗanda idan suka haɗu da laima alminiyam ɗin ne ke cinyewa. Siriri nake nufi. Idan ka lafta shi ya zama shinge.

Aikin akwai gajiya, kuma babu wanda zai gan shi bayan an rufe. Kada ka rage masa komai.

Fenti baƙi marar sheƙi, mai jure zafi, irin wanda ake fesa wa salansar mota ko murhu. Shafi biyu marasa kauri. Bar shi a rana kwana biyu ko uku kafin a sa gilashi, in ba haka ba hayaƙin fentin zai dusashe gilashin ta ciki.

Mataki na huɗu: akwati

Kafinta zai haɗa shi cikin ɗan lokaci. Zurfi santimita 10 zuwa 12, baya na filawud ko kwano, a shafe waje da fentin mai. A shimfiɗa audugar gilashi ko ta dutse, wato lulluɓin da ke hana zafi fita, mai kaurin santimita 5 a ƙasa, da rabin haka a gefuna. Farin soson da ake kare kayan lantarki da shi a kwali yana motsewa idan zafi ya kai wajen digiri 80 zuwa 100, don haka bai dace ya taɓa faranti ba. Idan shi kaɗai ke gare ka, sa shi can baya, da wani abu mai jure zafi a gabansa.

Tsakanin faranti da gilashi a bar santimita 3 zuwa 4. Gilashin yana barin haske ya shiga, yana hana iska kwashe zafin, shi ya sa duk wata kafa a gefensa asara ce. Mai kaurin milimita 4 ya yi, wanda aka gasa don ƙarfi ya fi. Falle biyu masu mita ɗaya-ɗaya da sanda a tsakiya sun fi guda babba sauƙin ɗauka da sauƙin canji. A bar masa ratar milimita 3 a kowane gefe don yana buɗewa da zafi, a zaunar da shi kan roba ko silikon, a danne da ƙarfen kusurwa. A huda ƙananan ramuka biyu ko uku a gindin akwatin don raɓa ta sami mafita, a toshe su da ragar sauro.

Mataki na biyar: tanki

Idan ka sami tankin tsohuwar hitar lantarki wadda wutarta ta mutu amma ba ta yoyo, ka yi sa'a, don an riga an lulluɓe ta. In ba haka ba, duro. Na ƙarfen da ba ya tsatsa shi ne sarki. Shuɗin duron roba yana ɗaukar har wajen digiri 60, don haka sai a haɗa shi da akwatin da bai fi ƙarfinsa ba. Duron da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, ko mai, ko wani sinadari da ba ka sani ba, kada ka kusance shi ko an ce an wanke.

A tsaye za a girka shi, saboda ruwan zafi ya taru a sama, mai sanyi ya zauna a ƙasa ba su cakuɗa ba. Ramukansa biyar ne, kuma kowanne da mazauninsa.

Na gangarawa zuwa akwati yana ƙasa, santimita 5 zuwa 10 daga gindi, don laka ta sami wurin kwanciya. Na dawowa daga akwati yana wajen kashi biyu cikin uku na tsayin tankin, kuma wajibi ne ya kasance cikin ruwa koyaushe. Da zarar ruwa ya sauka ƙasa da shi, zagayen ya tsaya cak. Na ɗibar ruwan zafi yana sama da wannan, kamar santimita 10 ƙasa da fuskar ruwa. Na shigar ruwan sanyi ta bawul mai ƙwallo yake, irin na tankin ruwa, amma a ɗaura masa bututu ya kai ruwan har gindi. Idan aka bar sanyi ya zuba a sama, duk zafin da aka tara ya tsinke. Na biyar bututun numfashi ne a can ƙoli, a buɗe, bakinsa a lanƙwashe ƙasa da raga.

Wannan na biyar ba a wasa da shi. Ruwa na ƙaruwa idan ya yi zafi, idan ya tafasa kuma tururi ne. Tankin da aka rufe ruf ba mafita fashewa yake yi. Duro ba a yi shi don ɗaukar matsin ruwan famfo ba, saboda haka kada a taɓa haɗa shi kai tsaye a rufe. Mai son tsari mai matsi ya sayi tankin da aka ƙera don haka, da bawul ɗin sakin matsi da zafi, ƙwararren mai aikin famfo ya girka.

Inda babu ruwan famfo, da hannu ake cikawa, sai a sauko da ramin dawowa zuwa tsakiyar tanki, famfon ɗiba kuma ƙasa da shi. A cika da sassafe, a ɗiba da yamma da washegari, sannan a sake cikawa kafin rana ta ɗaga.

Lulluɓi kuwa, nan ne ba a rowa. Santimita 5 shi ne mafi ƙanƙanta, 10 ya fi, kuma saman ya fi ko'ina kauri don can zafin yake. Audugar gilashi, soson katifa, tsofaffin barguna, ko busasshiyar dusar katako da aka dandaƙa tsakanin duron da wani akwati, duk suna yi. Sharaɗi ɗaya ne: kada ya jiƙe. Jiƙaƙƙen lulluɓi zuƙe zafi yake yi. A naɗe shi da leda mai kauri, a yi masa riga ta kwano da hula. Ƙarƙashin tankin ma a sa katako, kada ya zauna kan ƙarfe tsirara.

Mataki na shida: haɗa su

Gindin tanki ya ɗara saman akwati da aƙalla santimita 30, idan ya kai 50 ya fi. Dalilin dare ne. Bayan faɗuwar rana akwatin yakan fi tanki sanyi, kuma idan suna kusan tsayi ɗaya sai zagayen ya juya, ruwan zafi ya riƙa saukowa yana hucewa har gari ya waye. Masu cewa na'urarsu na aiki da rana amma da safe ruwan ya yi sanyi, sau da yawa wannan ne, ko kuma lulluɓi. Kada ka ce za ka magance shi da bawul mai hana komawa baya irin mai sifirin, ƙarfin zagayen bai isa ya buɗe shi ba.

Bututun haɗi su zama masu faɗi, milimita 22 zuwa 25, gajeru iyakar iyawa, da lanƙwasa mai laushi maimakon gwiwa mai kaifi. Na zafin ya riƙa hawa tun daga akwati har tanki, ba inda zai kwanta, ba inda zai yi doro. Duk inda ya hau ya sauko, iska za ta taru a doron. Ɗauki lebur ka bi shi taku-taku. Shi kansa akwatin a ɗan ɗaga kusurwar da ruwan zafi ke fita da santimita 2, don kumfa ta bi babban bututun sama ta fice. Rabin mitar farko daga bakin akwati ta zama ƙarfe, daga nan PPR ko CPVC na iya karɓa. A sa wa duka bututun rigar soso, a naɗe da takardar alminiyam ko a shafa fenti, don rana na cinye soson cikin 'yan watanni.

Idan da shawa za a yi wanka, ramin ɗibar ruwa ya ɗara kan shawar da mita ɗaya zuwa biyu, in ba haka ba sai dai ɗigo. A ɗaure akwati da tanki da noti a jikin abin da suke kai, saboda iska.

Cikawa da gwaji

A cika da sassafe, ko a rufe gilashin da bargo tukuna. Zuba ruwan sanyi cikin busasshen akwatin da ya sha rana yana tayar da tururi nan take, yana iya ƙona mutum ko ya tsage liƙi. A bar ruwan ya shiga a hankali don iska ta sami lokacin fita.

Wajen ƙarfe 11, taɓa bututun biyu. Na sama ya fi na ƙasa zafi sosai amma hannu na iya jurewa: aiki na tafiya. Na sama ya yi zafin da ba ya taɓuwa, tanki kuma shiru, wataƙila har da ƙarar ɓulɓul: ruwa ba ya zagayawa, nemi doro ko toshewa. Duka biyun ɗumi-ɗumi, gilashi kuma ya yi zafi da yawa: faranti bai kama bututu da kyau ba. Sayi ɗan ma'aunin zafi ka auna ruwan sama da magariba, ka sake aunawa da asuba. Idan ya sauka da fiye da digiri 10, ƙara lulluɓi ko ɗaga tanki.

Abubuwan da ke iya cutarwa

Ruwa mai digiri 60 yana sale fatar babba cikin kimanin daƙiƙa 5, ta yaro da tsoho kuma kafin haka. Ruwan wanka bai wuce digiri 38 zuwa 40 ba. A rana mai zafi da ba a ɗebi ruwa ba, tankin na iya haura 70. A sa bawul mai gauraya zafi da sanyi da kansa a bakin fita, ko aƙalla a saba da fara zuba na sanyi a bokiti, kuma famfon zafi ya fi ƙarfin hannun yara.

Ruwa mai ɗumi-ɗumi shi ma da nasa haɗarin. Ƙwayar cutar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadelfiya a 1976, tana yaɗuwa a ruwan da ke zaune tsakanin digiri 20 da 45, kuma ta feshin shawa ake shaƙar ta. A digiri 60 tana mutuwa cikin 'yan mintuna. Don haka a tabbata duk tankin na kaiwa 60 aƙalla sau ɗaya a mako, da rana ko da taimakon wuta. Idan an yi tafiya an bar shi, a zubar da ruwan a sake sabo. Ruwan wannan tanki na wanka da wanki ne, ba na sha ko girki ba.

Mai tafiya ta kwanaki ya rufe gilashin da tamfol ko kwano.

A ƙasashen da ake ƙanƙara, ruwa na ƙaruwa da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, ya fasa jan ƙarfe. A daren da sama ta yi garau, akwatin na iya daskarewa ko da iska ba ta kai sifili ba. Ko a zubar da ruwan akwatin duk lokacin sanyi, ko a yi zagaye na daban mai ruwan hana daskarewa da ke bi ta naɗaɗɗen bututu cikin tanki. Wanda ake zuba wa lagireton mota guba ne, ba shi ake nufi ba. Akwai wanda aka yi musamman don wannan aiki.

Kulawa da rage kuɗin wuta

Goge gilashi duk mako a lokacin ƙura, da safe kafin ya yi zafi. Inda ruwa ke barin farin ɓawo a gindin butar dafa ruwa, haka zai yi a cikin ƙananan bututun, musamman idan zafi na wuce 60. Sau ɗaya a shekara a rufe gilashi, a zubar da ruwa, a cika akwatin da ruwan khal da aka sirka, ya yi 'yan awoyi, a ɗauraye ta bakin nan na ƙasa. A duba silikon da rigar bututu a lokaci guda.

Na'urar ba za ta rage maka ko sisi ba idan hitar lantarki na kunne dare da rana kamar da. Idan ka sa wa tankin sandar wuta mai ɗumama ruwa don ranakun hadari, sa ta a kashi ɗaya cikin uku na sama, don ta ɗumama abin da za a ɗiba kawai, ta bar na ƙasa da sanyinsa rana ta yi aiki a kai. A kunna ta da yamma, bayan an ga abin da rana ta bayar, ba da safe ba. Mai aikin lantarki ne zai haɗa ta, da wayar ƙasa da na'urar da ke katse wuta idan zafi ya kai, kuma ba a sa ta a duron roba. Wanki da wanke-wanke masu cin ruwan zafi a mayar da su tsakar rana zuwa la'asar, don tankin ya sake ɗaukar zafi kafin magariba. Rubuta lambar mita na mako biyu kafin ka fara amfani da na'urar, da na mako biyu bayan haka a yanayi iri ɗaya. Idan bambancin bai kai yunit 2 zuwa 4 a rana ba ga akwati mai murabba'in mita 2, fara binciken daga lokacin da ake kunna hita, sannan ka koma kan lulluɓin tanki.